Sandar Baban Tela

"Tun yaushe ka fara ɗingishi?" in ji matar Manjo, ta tokare ƙofar ɗaki da hannu.

"Tun jiya, Inna," Tela ya ce. "Keken ɗinki ne ya faɗo mini a ƙafa."

Ta dubi ƙafar, ta dubi sandar da ya dogara. Tun da likita ya ce a mai da Manjo gida a yi ta addu'a, ta kafa doka: ba mai shigo mata da kayan yaƙi. Shekara da shekaru mutane na kawo wa tsohon hulunan kwano da lambobin yabo, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa, ya ware na gaske da na jabu. Bai taɓa shiga soja ba. Sanin kayan ne ya ja masa sunan.

"Kada ka daɗe," ta ce.

Manjo na kwance ƙarƙashin kantar da ya jera butocin sojoji, ya rame kamar tsinke. Ko gaisuwar maƙwabcinsa bai amsa ba, idonsa na kan sandar.

"Sai da ka ji zan mutu ka kawo ta?"

Tela ya sunkuyar da kai. Sandar ta babansa ce. Marigayin ya ce akwai takobi a cikinta, wai an ba shi ne lokacin da yake leƙen asiri a yaƙi. Duk wanda ya zo awon wando sai Tela ya ba shi labarin. Amma ba wanda ya taɓa iya buɗe ta, shi kuma ya daɗe yana tsoron abin da Manjo zai ce.

"Mun murɗa kan har mun gaji, Baba."

"Ba a murɗawa, sakarai."

Manjo ya sa farce ƙarƙashin zoben tagulla, ya danna, ya ja. Wani siririn katako mai zane-zanen awo ya fito, da ɗan hannun ƙarfe da ke buɗewa a gefe.

"Wannan wane irin takobi ne, Baba?"

"Irin wanda ake auna alfadari da shi. Soja ba ya sayen dabba sai ya san tsayinta. Ka ga wannan hannun? A doronta ake ɗora shi. Babanka a bayan alfadarai ya yi yaƙinsa."

"Shi cewa ya yi a bayan abokan gaba."

"Ka taɓa tsayawa a bayan alfadari?"

Tela ya zauna a bakin gado. "Ke nan ta banza ce."

"Ta banza? Sanduna masu takobi sun cika kasuwa, rabinsu maƙerin bayan tasha ne ya ƙera. Wannan kuwa a hoto kaɗai na taɓa ganinta." Ya shafa zanen da babban yatsa. "Dubi yadda ta goge. Mutumin ya yi aiki."

Ya fara dariya, dariyar ta koma tari. Inna ta faɗo ɗakin, ta kori Tela da mafici. Sandar kuma Manjo ya riga ya tura ta ƙarƙashin bargo.

Washegari da hantsi Manjo ya cika.

Aka aika a kira Tela ya auna likkafani. Ya taho a guje, sai da ya shiga ɗakin ya laluba wuyansa ya ji ba tef ɗin awo. Inna ta ɗaga bargon, ta zaro sandar, ta miƙa masa. Idonta ya yi ja.

"Ungo takobin babanka," ta ce. "Da shi a hannu maigida ya tafi."

Tela ya durƙusa. Ya daidaita gindin sandar da diddigen Manjo, ya ja katakon a hankali, har ɗan hannun ƙarfen ya zauna a kan furfurar tsohon.