Kwalbar da Aka Ɗauke daga Rijiya

Ranar da aka binne Steponas, ana can maƙabarta ana zuba masa ƙasa, ƙaninsa Alfonsas ya zagayo ta bayan gida, ya ja siririyar igiyar da ke gefen rijiya, ya ɗauke kwalbar. Ɗan'uwanka bai gama sanyi ba, kai kana laluben rijiyarsa! Halin Alfonsas ke nan, kuma kaf ƙauyukan Birzai babu wanda zai rantse a kansa.

Tekle, matar mamacin, ba ta farga ba sai da ta tashi shirin giyar addu'ar mako huɗu. A wajenmu ba a tara mutane don mamaci a kan giyar kanti, balle mutumin da ya tsufa yana dafa tasa. Ta jiƙa sha'ir ya yi tsiro, ta busar, ta niƙa da hannunta duk da ciwon kafaɗa. Da ta je rijiya ta ja igiya, sai ta ji ba nauyi.

Yis ne a cikin kwalbar, mai kauri kamar kunu, shi ke tayar da giya. Ba a sayensa, ba a sayar da shi. Surukarta ce ta miƙa mata tun tana amarya. Steponas ke juya tukunya ya kwashe yabo, amma ita ke kwalfar kumfa a kan kowace sabuwar giya, ta cika kwalbar, ta mayar da ita cikin sanyin rijiya. Kuma kowa ya san yis ba ya son faɗa: aka yi zagi kusa da gangar da ke tashi, giyar ta lalace. Shi ya sa duk ranar dahuwa Steponas kan ce mata, "Tekle, in bakinki na ƙaiƙayi, je ki zagi kaji." Haka ta yi ta haɗiye magana a bakin ganga har ya mutu.

Ranar Asabar ta ɗaura ɗankwali ta nufi gidan Alfonsas, don ban da ita da mamacin, shi kaɗai ya san inda ake ƙulla igiyar. Ta tarar da shi a ɗakin dahuwa tare da abokinsa Ignas, da baƙin burodi da kitsen alade a gabansu, suna gardamar giyar mako mai zuwa.

"A zuba wake kaɗan a tsiron," in ji Ignas. "Kumfa za ta tsaya kamar hular fadan coci."

"Wake? Ka bar wa cikinka, ya ishe mu da kiɗa a coci. Gasa tsiron zan yi a tanda sai ya yi ja."

A kusurwa akwai ganga lulluɓe da tsohuwar rigar fatar tumaki, tana ɗan huci. A kan kanta kuwa ga kwalbar Tekle, an wanke ta tas, an kife.

"A'a, matar yaya!" Alfonsas ya washe baki. "Shigo mana, amma a hankali, jariri na barci."

"Ina abin da ke cikin kwalbata?"

Ya nuna ganga da wuƙar burodi.

"Duka ka juye?"

"Duka. Ai ya ji yunwa a wurinki."

Tekle ta dubi gangar. Yis ɗin gidan gaba ɗaya, tun na kakanni, ba shi da sauran wurin zama a duniya sai cikin gangar nan. Ta sassauta murya, abin da Ignas bai taɓa ji ba tun da ya san ta.

"Alfonsas, ludayi ɗaya na kumfa. Tsirona na jira. Na yayanka ne."

"Ni zan kawo giyar addu'ar, ki huta. Mace ba miji, me za ta yi da yis? Gadon uwarmu ne. Ke da akwatin tufafi kika zo gidan nan, ban ga kwalba a ciki ba."

"Ka ba ta mana," in ji Ignas, idonsa na kan burodi. "Ba a hana yis, ka sani."

"Kai da wakenka, wa ya sa da kai?"

"Wato in zauna a teburina," in ji Tekle, "mutane su sha giyar ɓarawo da sunan mijina, su ce maka sannu da ƙoƙari?"

"Su ce, mana. Ƙarya suka yi?"

Nan ne igiyar haƙurinta ta tsinke. Ta taka zuwa kusurwa ta fizge rigar fatar ta yar a ƙasa. Kumfa ta bayyana fara sol, tana motsi. Tekle ta sunkuya har tururin ya bugi fuskarta, ta buɗe bakin da ta tsufa tana rufewa.

"Ɓarawon ranar jana'iza! Kwaɗon rijiya! Uwarku da kanta ta ce kada a bar ka kusa da tukunya, don ko ruwa ka taɓa sai ya yi wari. Wa ya wanke ta da ta kwanta ciwo? Kai? Kana ina? Allah ya sa abin da ka sata ya zame maka ruwan tsami, ya tsaya maka a wuya!"

Ignas ya tuɓe hula yana alamar gicciye. "Tekle, don girman Allah, a kan ganga kike!"

Alfonsas ya yi fari kamar kumfar. Ya wawuri ludayi, ya kwalfa ya zuba a kwalbar ya tura mata.

"Ungo! Ɗauki ki fita, mayya! Rufe ƙofa, iska na shiga!"

Ta fita, ba ta rufe ba.

A gida ta dafa ruwan tsironta, ta bar shi ya huce har ya koma ɗumin nono, ta zuba kumfar, ta lulluɓe gangar da rigar Steponas. Ta zauna kusa tana lallashin yis ɗin. "Tashi mana, ɗan albarka. Ba da kai nake ba." Ta kasa kunne a jikin katako. Shiru. Washegari ta ƙara masa bargo. Shiru. Daga baya wata baƙar fata ta rufe saman ruwan.

Ignas ne ya kawo labarin cewa giyar Alfonsas ma ta lalace, ko aladu sun ƙi ta. Wasu suka ce sanyin ƙofa ne, mata a bakin coci suka ce bakin Tekle ne. Su yi ta faɗa. Babu wadda ta tambayi wa ya fara sa hannu a rijiya.

Ranar addu'a mutane suka cika teburi. Ga nama, ga cuku, ga burodi, amma kofuna a bushe, kowa na satar kallon ɗan'uwansa. Alfonsas ya zo hannu rabbana ya raɓe can ƙarshen benci. Bayan fada ya shafa addu'a, Tekle ta shiga ciki ta fito da babban tulu. Ta wuce kowa, ta tsaya a kan ƙanin mijinta, ta cika masa kofi da mataccen ruwan nan mai yauƙi, har ya zuba a kan teburi.

"Matar yaya..." ya ce, can ƙasan maƙoshi.

"Sha. Gadon uwarku ne. Ka ce naka ne, to ga shi na mayar maka."

Alfonsas ya dubi Ignas, Ignas ya dubi hularsa. Ya ɗaga kofin ya kai baki, maƙogwaronsa na kai da komo. Tekle na tsaye da tulu, tana jira ya sauke ta ƙara masa.