Walkin Tarakta

Shekara uku kafin anasara su tattara nasu ya nasu su bar mulki, damina ta yi kyau a ƙasar Dakoro har kyanta ya zama abin tsoro. Ciyawa ta kai ƙirjin mutum, ta bushe a tsaye, kuma duk wanda ya san dajin nan ya san gobara ce ke biyo bayan irin wannan alheri. Tarakta ɗaya ce tak a ofishin dabbobi, Abarci ne shoferinta. A soja ya koyi inji, ya dawo gida da gurguwar Faransanci da baki mai kaifi. Aikinsa da kaka shi ne ya sa laujen tarakta ya yanke hanya mai faɗi kewaye da filayen kiwo, mutane su bi bayansa suna janye ciyawar da rassan ƙaya, don in wuta ta zo ta tarar da ƙasa tsirara ta mutu a nan.

Doka ɗaya Abarci yake da ita, kuma bai taɓa karya ta ba. A gaban tarakta akwai radiyatar, ƙarfen nan mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, wanda iska ke ratsawa ta sanyaya ruwan inji. Ƙarangiya da ƙaiƙayin ciyawa ba su da wurin zama sai cikin ramukan nan. Saboda haka duk sa'a ɗaya yakan kashe inji, ya share gaban da tsintsiya, sannan ya ɗauko zugazugin da ya saya wajen wani maƙeri a kasuwar Dakoro ya hura daga ciki zuwa waje. Mutane na yi masa dariya, suna tambayarsa ko shofer ne shi ko maƙeri, shi kuma yana rama musu da abin da ya fi haka zafi. Ya taɓa yi wa wani gardi, dogarin anasara, tsawa a gaban kumandan mai mulkin gari don ya rataya rigarsa a hancin tarakta.

Mutum ɗaya ne a duniya Abarci ba ya iya ɗaga ido ya kalla, wato Agali, mahaifin matarsa Azara. Buzu ne dattijo, ya daɗe da zama a wata rijiya arewa da gari, ta wajen Bader Goula. Shekara shida da auren, ba su taɓa cin abinci wuri ɗaya ba, ba wanda ya taɓa kiran sunan wani. In da magana, sai ta bi ta bakin Attaher, wan Azara. Shanun Agali kuwa ragowar yunwar shekarun baya ne, da ƙyar suka fara farfaɗowa, kuma ciyawar da ke kewaye da rijiyar nan ita ce za ta kai su damina mai zuwa. In ta ƙone, sai dai a kora su kudu cikin gonakin mutane a yi ta rigima, ko a sayar da su arha.

Kwana uku ke nan ana hango hayaƙi a gabas. Abarci ya riga ya yanke kudu da yamma da arewa na makiyayar Agali, saura gefen gabas, aikin rabin yini.

Da safe bayan salla ya fito wajen tarakta, sai ya tsaya cak. An ɗaura mata fata a fuska. Fatar awaki ce jemammiya, guda biyu aka haɗa da ɗinki mai kyau, har da jan zane da tuntaye a ƙasa, an ɗaure ta da tsirkiya ta kusurwa huɗu, ta rufe radiyatar ruf. Agali na tsaye a gefe, ya ja rawaninsa har ƙarƙashin idanu, yana kallon wani wuri daban kamar yadda surukai ke yi.

"An hwaɗa mini ƙarangiya na shiga hancin abin hawan nan tana wahal da mai ita," in ji shi, kamar da iska yake magana. "Mu nan in za mu ratsa ƙarangiya walki muka ɗaurawa. Shi ne na ce ita ma a yi mata nata. Hwatar da uwar ɗiyan nan ta bari ce, Allah Shi jiƙan ta, ita ta jeme ta da hannunta."

Abarci ya dubi walkin. Azara ce ta kai labarin, ya sani, shi ya yi mata ƙorafin a gida. Tsohon kuwa ya zauna kwana da kwanaki yana ɗinki don ya sauƙaƙa wa mijin ƴarsa wahala. Ya waiga yana neman Attaher, aka ce ai ya hau doki tun da asuba ya tafi duba inda wuta ta kai. Mutum goma sha na tsaye da rassan ƙaya suna yaba walkin. Kalma huɗu ce kawai ake bukata, a ce inji yana son iska, amma kunyar suruki ta hana shi faɗa.

"Allah Shi saka da alheri, Baba," ya ce, kansa a ƙasa.

A ransa ya riga ya yi dabara: da ya haye tudun farko ya ɓace wa ido, sai ya kwance fatar ya ninke ta, da yamma ya mayar. Abin da bai lissafa ba shi ne Agali ya sa an durƙusar masa da raƙumi. Tsohon ya hau, ya rataya salkar ruwa, ya biyo tarakta gefe da gefe don ya ga yadda aikinsa zai yi.

Akwai wata ƴar allura a gaban mazaunin shofer mai nuna zafin ruwa. Kullum a tsakiya take kwana. Yau kafin su ƙare tudu na biyu ta wuce tsakiya. Abarci ya rage tafiya, laujen na ta kaɗawa, ciyawa na zubewa, shi kuwa ido ɗaya a kan allura, ido ɗaya a kan ƙafafun raƙumi. Da sa'a ta cika ya kashe inji ya sauka, ya kwance tsirkiyar ƙasa da sunan shara, yana fatan ya bar ta haka a sake iska ta ɗan samu hanya. Abin da ya gani ya ƙara tayar masa da hankali. Da farfela, fankar da ke jawo wa inji iska, ta rasa iska ta gaba, sai ta riƙa zuƙo ta ta ƙarƙashi, inda lauje ke tayar da ƙaiƙayi, ramukan ƙasan radiyatar duk sun toshe.

Agali ya sauko daga raƙumi ya shafa fuskar walkin, ƙarangiya ta manne mata dam.

"To, ga su nan duk waje sunka tsaya," ya ce, muryarsa cike da jin daɗi. Sai ya sunkuya da tsufansa ya kama tsirkiyar da aka kwance, ya ɗaure ta da hannunsa, ya ja har sai da ta yi ƙara.

"Haka ne, Baba," in ji Abarci.

Wannan ita ce ƙarya mafi tsada da ya taɓa yi. Mutumin da ya yi wa gardi tsawa a kan riga ɗaya, ga shi ya hau kujera shiru yana tafasa injin da hannunsa. Ya ji haushin kansa, ya ji haushin Azara, har Attaher da bai san komai ba ya sha zagi a zuci. Ya ce wa kansa saura kaɗan, in ya lallaɓa ta za ta kai. Hayaƙin gabas kuwa ya daina zama zare, ya zama bango.

Hantsi ya yi sosai lokacin da allura ta kwanta a ja. Ya ji wari kamar na tukunyar da aka manta a murhu, injin ya canja murya, sai wani abu ya fashe a ƙarƙashin murfi, tururi ya turnuƙe. Ya kashe ya yi tsalle ƙasa. Kafin ya zagayo, Agali ya riga ya durƙusar da raƙumi, ya kwance bakin salka ya ɗaga ta sama da ƙarfen da ke ta tsuwa. Ruwan salka mai sanyi a kan inji mai wannan zafi, sai dai a ji ƙas, ƙarfen ya tsage, kuma babu wani irinsa sai an aika Yamai.

"Kar ka zuba! Ja da baya!"

Bai san lokacin da ya damƙe hannun tsohon ya fizge shi ba. Salka ta faɗi, ruwan ya tsiyaye cikin rairayi. Masu janye ciyawa da suka iso da gudu suka tsaya, wasu suka juya baya don kada a ce sun gani. Abarci ya zaro wuƙa ya datse tsirkiyoyin nan huɗu, walkin ya zame ƙasa.

"Iska taka sha," in ji Abarci. "Ta nan taka numfashi. In an ruhe ta, mutuwa taka yi."

Agali ya dubi fatar a ƙasa, ya dubi wuyan hannunsa. Ya ɗauki salkarsa ya hau raƙumi ya nufi rijiya.

Daga nan sai jira, kuma jira shi ne abin da ba su da shi. Sai da ƙarfe ya huce har mutum zai iya ɗora tafin hannu. Abarci ya durƙusa da zugazugi yana hurawa daga ciki, ƙaiƙayi na fita dunƙule-dunƙule, wanda ya ƙi fita ya bi shi da tsinke rami bayan rami. Tiyon ruwa ne ya tsage. Ba shi da wani, sai ya yanki walkin ya naɗe wurin ya ɗaure da ragowar tsirkiya. Ruwan bidonsa, jarkar da yake tafe da ita, bai cika radiyatar ba, yana cikin tunanin wa zai aika sai ga Agali ya dawo da salka biyu cike. Ya ajiye su a gaban tarakta ya koma gefe.

Bayan azahar injin ya tashi, allura ta koma tsakiya ta zauna lafiya lau kamar ba ita ba. Abarci ya yi yanka irin wanda bai taɓa yi ba, mutane na bin sa da gudu da rassan ƙaya. Attaher ya iso a sukwane, dokinsa jiƙe da gumi, yana ihu cewa iska ta tashi, wuta ta tsallake kwarin baya. Abarci na hango bakin hanyar da ya yanke jiya a arewa, inda zai haɗe da'irar. Tsakaninsa da ita bai fi taku ɗari uku ba lokacin da toka mai zafi ta fara sauka a hannunsa.

Wutar ta zo da ƙara kamar ruwan sama a kan kwano. Duk tsawon inda lauje ya bi, ta zo ta lashi bakin hanya ta kwanta. Ta ƴar kafar da ta rage kuwa ta shiga kamar an buɗe mata ƙofa. Maza suka yi ta dukanta da ɗanyen reshe har tafin hannuwansu ya sale, ina, iska na bayanta. Dole Abarci ya ɗage lauje ya gudu da tarakta zuwa filin rijiya inda kofato ya cinye ciyawa. Kafin la'asar sakaliya, makiyayar Agali ta zama baƙar ƙasa mai hayaƙi, sai wani ɗan yanki a yamma da ba zai riƙe shanu sati uku ba.

Abarci na zaune a gindin tayar tarakta, fuskarsa baƙi ƙirin, sai ya ga ƙafafun tsohon a gabansa. Ya yunƙura zai tashi, Agali ya yi masa alama ya zauna, shi ma ya zauna suna fuskantar juna, abin da ba a taɓa yi ba. Ragowar walkin na hannunsa a ninke. Can bayansu Attaher na ba makiyaya umarnin su haɗa maruƙa, gobe da sassafe za a kama hanyar kudu.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Agali.

"Tun da sahe, Baba. Tun da na gan ta."

"Kuma lokacin da na ƙara ɗaure ta?"

"Na sani."

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙasar da ta ƙone. Sannan ya sa yatsa ya sauke rawanin daga bakinsa. Abarci bai taɓa ganin wannan fuskar ba, furfura ce fara fat.

"Abarci," ya ce, karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. "Tsawar nan da ka yi mini da hantsi, da sahe ya kamata ka yi ta."