'Yan Katantanwa a Ruwan Dodoma

Dattijo Lubunga da bakinsa ya gindaya sharaɗin, ba wanda ya sa shi. Ranar nan 'yarsa Tausi ta iso daga Dodoma ta tarar da ƙuna a damtsensa, don jiri ya kwashe shi ya kifa a kan murhu. Nan take ta ce ita fa ta gama magana, ba za ta ƙara barinsa shi kaɗai a Kabeza, ƙauyensu na bakin tafkin Tanganyika, ba. Uwarta ta rasu, kunnensa na hagu ya fashe a ƙarƙashin ruwa, likita ya ce in ya sake nutso sai dai a tsamo gawa. To me ya rage masa a ƙauyen?

"Tafkin ya rage mini," in ji shi.

"Tafkin ne zai tuƙa maka tuwo, Baba?"

Sau ɗaya ya taɓa zuwa Dodoma, lokacin bikinta, kuma abin da ya riƙe game da garin shi ne ruwansu. Ruwan rijiyar burtsatse ne mai zartsi, ya bar farin ɓawo a gindin buta, sabulu ma da ƙyar yake kumfa a cikinsa. Kurɓa ɗaya ya yi ya tofar, ya rantse ba zai ƙara ba, ya ƙarasa bikin da lemon kwalba. Tuna ruwan nan ne ya kawo masa dabara.

"Na ji. Ki aiko mini da ruwan garinku, in zuba 'yan katantanwa a ciki. In sun rayu, in bi ki, mu tafi tare da su. In sun mutu, ki rabu da ni in ƙare a inda aka haife ni."

'Yan katantanwa su ne ƙananan kifayen nan da ba su kai ɗan yatsa ba, masu zama a cikin ƙwanson katantanwar da ta mutu, can a ƙasan Tanganyika. Mu ba ma cin su, wa zai ɓata manja a kansu? Turawa ne ke haukar su. Lubunga ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana nutso yana kwaso su, yana kai wa wani mai fitar da kifi waje a Kigoma. Sun bi ta hannunsa ba iyaka, sun tafi ƙasashen da bai san sunansu ba, amma bai taɓa ajiye ko guda a ɗakinsa ba. A ganinsa, abin da aka haifa a ruwa mai daɗi irin namu ba zai kwana a wancan ruwan ba.

Tausi ta dube shi. "Ka yi alkawari, Baba?"

"Na yi. Ga Kashindi nan, shi ne shaida."

Kashindi abokin nutsonsa ne tun suna samari, shi har yanzu yana shiga ruwa, kuma bakinsa ba ya hutawa. Yana zaune a kan kifaffen kwalekwale ya ce ya shaida, amma a sani shi ba ya zuwa jana'izar kifi.

Jarkoki suka iso, jirgin ƙasa ya kawo su Kigoma, jirgin ruwa ya ƙaraso da su. Lubunga ya buɗe ɗaya, ya tsoma yatsa ya ɗora a harshe. Shi ne dai, bai canza ba! Ya yi dariya har da tari, dariyar da ba a ji ya yi ba tun rasuwar matarsa.

Ya samo wani tsohon akwatin gilashi da aka yasar a bayan ma'ajiyar tsohon maigidansa, ya liƙe inda yake yoyo, ya ɗora shi a kan tebur nesa da rana. Ya ɗebo yashi a bakin tafki ya tankaɗe, ya shimfiɗa da kauri. Ya jona ɗan injin iska da batirin sola da Tausi ta saya masa don fitila, ya ɗaura masa soson da ya bari ya jiƙu a tafki. Sannan ya juye ruwan Dodoma ya bar shi ya kwanta. Duk wannan ɗawainiya, wai don abin da yake fata ya mutu.

Kashindi ya nutsa ya kawo su a bokiti. Ba ka ganin kifi ko ɗaya, sai katantanwa zube a gindin ruwa, don su da an taɓa gidan sai su shige can ciki su lafe.

"Juye su kawai a huta," in ji Kashindi.

Lubunga ya ɗauki kofi. Ya ɗebi ruwan Dodoma kaɗan ya tsiyaya a bokitin, ya jira. Ya ƙara kaɗan, ya sake jira.

"Kai kurma! Kashe su za ka yi, ko kai su ɗakin miji?"

"Ba na so yarinyar nan ta ce na yi maguɗi."

Ƙarya yake yi. Hannunsa ne ya ƙi. Hannun da ya shekara da shekaru yana saba wa kifi da sabon ruwa a hankali bai iya yin aikin banza ba, ko da mai hannun yana so. Haka ya jera katantanwar a kan yashi layi-layi, ya ƙara wasu marasa kowa a ciki don kada a yi faɗan gida. Ya ja kujera ya zauna jiran mutuwa.

Can sai ga wani ɗan kai ya leƙo daga bakin ƙwanso. Ya koma. Ya sake leƙowa, ya fito rabi, ya ciko baki da yashi ya je gefe ya furzar. Kafin la'asar duk sun fito, kowa na haƙa. Washegari layin da Lubunga ya jera babu shi. Sun binne wasu katantanwar har wuya, sun tona ramuka har gilashin ƙasa na haske, sun tara tudun yashi a jikin bango. Ƙaramar cikinsu ma har ta fara kai wa yatsansa cizo in ya matso kusa da ƙofarta.

"Bari dai," ya ce wa Kashindi. "Guba ba ta kisa rana ɗaya."

Aka yi ta tafiya. Yana murje musu busasshen dagaa, ƙananan kifin miyarmu, yana barbaɗa kaɗan, suna rububi. Yana rage ruwan yana ƙara sabo daga jarkokin da Tausi ba ta fasa aikowa ba. Kullum da safe, kafin ya wanke ido, sai ya leƙa ko wani ya juya ciki sama. Ina! Ƙiba ma suke yi. Ashe ruwan da harshensa ya ƙi ɗan'uwan na tafkin ne a wajensu, mai nauyi irin wanda suke so. Shi da ya sha tafkin nan tun yana goye bai taɓa jin nauyinsa ba.

Ya koma zaginsu. "Marasa zuciya! An raba ku da gidan ubanku, an kulle ku a kwalba, ko a jikinku. Ku dai a ba ku yashi da tuwo, shi ke nan?"

Wata rana da hantsi Kashindi ya shigo, ya ga yadda abokinsa ya rame, wasan ya fita daga bakinsa. Ya zaro ɗan ƙullin garin sabulu ya ajiye a kan tebur.

"Ɗan tsunkule ɗaya ya isa. Ni ne shaida, kuma ni ban ga komai ba. Ba na son in zauna a bakin ruwan nan ba ni da wanda zan zaga."

Ya fita. Lubunga ya kwance ƙullin, ya tsunkulo, ya kai hannu saman akwatin. Kifayen suka taso gaba ɗaya, sun zaci abinci ne. Ƙaramar nan mai cizo ce kaɗai ba ta taso ba, tana tsaye a ƙofarta tana kaɗa fiffike. Ya sunkuya ya dube ta da kyau. A bakin ƙwanson, wasu abubuwa ne ƙanana kamar gashin ido suna motsi a kan yashi. 'Ya'ya! Ta haihu a ruwan Dodoma, 'yar banza.

Ya daɗe a sunkuye. Sannan ya fita waje ya wanke hannun da yashi, ya ɗauraye, ya sake wankewa. Don baƙin ciki, ko taɓa tuwon rogon da maƙwabciya ta aiko bai yi ba.

Da Tausi ta zo, kujerar da ke gaban akwatin kawai ya nuna mata. Ta ga manya, ta ga ƙanana, ta tafa hannu ta rungume shi ta gefen kunnen da ba ya ji. Cikin kwana kaɗan ta ɗaure kayansa, ta raba tukwanen uwarta wa maƙwabta, ta sa kwaɗo a ɗakin baya. Shi kuwa yana ta neman tsummokaran da zai naɗe gilashin, da bokiti mai murfi.

Ranar tafiya da safe ta same shi yana daidaita murfin.

"Baba, wannan fa?"

"Mutanena. Tare za mu tafi, ai haka aka yi."

Ta sosa ƙeya. "Baba, jirgin ƙasan nan ko mutum da ƙyar yake samun wurin ƙafa. Gilashin fashewa zai yi. Ga ɗakin da muka gyara maka ba shi da faɗi, ga jikokinka da ɓarna. Ai an riga an gani, sun rayu. Ba sai an wahalar da su ba."

Ba da mugunta ta faɗa ba, wallahi. Ita a wajenta gwaji ne, kuma an gama. Da me Lubunga zai yi gardama? Ita ke da tikiti, ita ke da ɗaki, shi kuma ko bokitin ba ya iya ɗauka mai nisa ba tare da jiri ya kada shi ba.

Ya tsince katantanwar ɗaya bayan ɗaya, kowace da mai gidanta a lafe a ciki. Ta mai 'ya'ya ya tallabo da hannu biyu a cikin kofi. Ya bi Kashindi har bakin tafki, ya shiga ruwa zuwa gwiwa, iyakar inda aka yarje masa ke nan.

"Bayan dutsen nan mai tsagi, inda yashi ya yi laushi. Kada ka watsar, ka ajiye su baki sama."

"Ni za ka koya wa, kurma?" in ji Kashindi, amma muryarsa ba ta fita sosai ba.

Ya tuƙa kwalekwale, ya sa gilashin ido, ya nutsa. Lubunga na tsaye yana kallon kumfa har ya ɓullo.

"Sun fito?"

"Tun kafin in juya sun fara haƙa."

Lubunga ya gyaɗa kai. Su da suka yarda da Dodoma, ga su sun koma gida.

A cikin jirgin ƙasa zafi ya yi zafi. Tafkin ya ɓace a bayan duwatsu tun ba a yi nisa ba, sai jar ƙasa da busassun itatuwa. Ƙishi ya kama shi, ya yi ta haɗiyar yawu. Tausi ta lura. Ta buɗe jaka ta zaro gora, ragowar jarkar ƙarshe ce ta juye don kada a yi asara.

"Sha, Baba. Gara ka fara sabawa."

Ya karɓa, ya daɗe yana duban gorar. Sannan ya kafa kai ya sha.