Sun Ce Uwa Ta Jira a Waje

…wai sakaci. Ni ce mai sakaci, Yaya? Ka rasa wanda za ka kai ƙara sai ƙanwarka, uwa ɗaya uba ɗaya? Ga ni nan a kan bencin ofishin kula da yara, fanka sai ƙara take yi babu iska, Auta tana ciki an rufe ƙofa. Sun ce uwa ta jira a waje. Uwa fa! Yarinyar da ko allura za a yi mata sai a kan cinyata.

Doka ta ce kowane yaro ya je makaranta. To dokar tana ina ranar da malamin nan ya tsayar da ita gaban aji ya ce ta karanta, alhali ya san tana in'ina? "Ba-ba-ba—" aji duka ya ɗauka, har da buga tebur. Ta dawo siket a jiƙe, ta maƙale bayan keken ɗinkina ta ƙi fitowa… Ni na wanke siket ɗin nan, Yaya, ba doka ba. Kai a lokacin ko sannu ba ka ce mana ba. Tun ranar na cire ta daga makaranta.

Kuma matar ofis ta shigo min ɗaki ta buɗe tukunyata — tukunyata! — ta duba farcen yarinya, ta ɗaga mata riga wai tana neman tabo. Ta tambaye ta shekarunta, na ce tara. Ta tambaye ta me take koya a gida, na ce karatu da lissafi, da tef ɗin awo ma na koya mata rabi da kwata. Sai cewa ta yi, "Baiwar Allah, ita nake tambaya." Ikon Allah! Ai sauƙi na yi musu su biyun. Wa ke da haƙurin jiran kalma ta fito daga bakin Auta?

In suka ce sakaci ne, alƙali zai miƙa ta ga gwaggonta. Waccan, mai "yi magana mana, kin tsaya kina ɓata min lokaci." Wallahi sai dai su haɗa da ni su ɗauka.

Shiru… a'a, ba shiru ba ne. Muryar Auta ce. Ta maƙale a kan wata kalma, na san kalmar, ga ta a bakina, bari in tura ƙofar nan in ƙarasa mata — matar ofis ɗin ba ta katse ta ba. Jira take yi. Kalmar ta fito. Wata ma ta biyo baya… har yanzu magana take. Yaushe rabon da in ji 'yata ta yi magana mai tsawo haka? Me take ta faɗa musu?

"Kina so ki koma makaranta?" Wannan kam na ji shi sarai.

A'a, Auta, ce musu a'a. Na san amsar. Na sani mana, ni na haife ta, ni… yaushe ma na tambaye ta?

Hannuna yana kan mariƙin ƙofa, na kasa murɗawa. Na ji Auta ta ja numfashi, harafin farko ya tsaya mata a wuya — kuma ban san ko wanne ne zai fito ba.