Ƙafar Tela

Ranar Laraba ce, hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba, gari ya yi tsit kamar ana jiran wani.

Tela ba ya ɗinki. Sunan ya samo shi ne a ɗakin bincike, saboda in ya zauna ƙafarsa ta dama sai ta yi ta kaɗawa kamar mai taka keken ɗinki. Aikinsa kuwa ba ya son ko tari. Akwai wani madubin ƙara girma mai allura, bakinta ya fi tunani siranta, da ita yake tura ƙwayoyin zarra ɗaya bayan ɗaya a kan farantin tagulla, yana jera su su zama makunnin lantarki da ido ba ya gani. In tebur ya ɗan girgiza, sai allura ta caki faranti, aiki ya rushe.

Saura ƙwaya ɗaya ya gama. Farfesa, shugabar ɗakin, ta leƙo.

"Tela, ka taɓa karya min allura da ƙafar nan. In ta sake, sai dai ka nemi shago."

"Ranki ya daɗe, yau na ɗaure ta."

Da gaske yake. Ya sa bel ɗinsa ya ɗaure ƙafar a jikin kujera. Sai hannu ya karɓi aikin, yana ta lalubar aljihu. Ya zaro wayarsa, ya kashe mata ƙara, ya ajiye ta can nesa da shi, a gefen teburin madubin.

Ya kama ƙwayar. Ta biyo allura a hankali kamar akuya mai gardama. Gumi ya gangaro masa cikin ido, bai share ba. Ƙafar tana ta fizgar bel. Saura kaɗan.

Wayar ta hau rawa a kan teburin.

Allon kwamfuta ya yi fari fat. Da hoton ya dawo, rami ne a inda layin ƙwayoyin yake.

Ya miƙe da kujera a ƙafa, ya ɗauki wayar.

"Auta, Inna ce. Na tuna yau ce babbar ranar. Don Allah ka riƙe ƙafar nan taka."

"Na riƙe, Inna."

Farfesa na tsaye a bakin ƙofa, tana kallon bel ɗin.

Abin da ya tafi: allura ɗaya, ƙwayoyin zarra talatin da tara, da kujerarsa a ɗakin.