Ranar da Baba Ya Faɗa Kanal

Wata huɗu na yi ina yawo tsakanin Kura da Bunkure da takardun tambayoyi, saboda binciken kammala digirina a kan haɗarin ababen hawa masu lantarki. Na tambayi direbobi zancen zafin batir da birki da caji. Ban taɓa kawo kunya a cikin abubuwan da ke jawo haɗari ba, sai da Mudassiru ya koya min.

Mudassiru shi ne wanda zuciyata ta zaɓa, kuma ranar Juma'a magabatansa za su zo wurin Baba neman aurena. Adaidaitarsa mai lantarki ce, da ita yake kwasar tumatir daga gonaki, tafiya take kamar inuwa, babu ƙara. Baba kuwa, kamar kowa a ƙauyenmu, da kunne yake kauce wa abin hawa.

Ranar Laraba da hantsi Baba ya shigo gida jiƙe sharkaf, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya. Na leƙa waje, sai ga Mudassiru a tsaye, shi ma ruwa na ɗiga daga rigarsa.

"Me ya faru?"

"Wallahi Nafisat, ban taɓa shi ba. A kan gaɓar kanal ɗin ban ruwa na tarar da shi, hanyar ba faɗi. Sai na bi shi a baya a hankali."

"Har tsawon ina?"

"Daga gada zuwa gonar albasa."

"Ba ka da hon ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Haba, in danna wa surukina hon? Da wane ido zan kalle shi?"

Ashe Baba ya juya ne don ya tofar da yawu, ya ga ƙarfe da kwanduna dab da ƙeyarsa. Tsalle ɗaya ya yi, sai cikin ruwa. Mudassiru ya bi shi ya tsamo.

Ji na yi kamar in rusa kuka, kamar in shaƙe shi. Mutumin da ke rubuto min saƙo mai narkar da zuciya, ya kasa buɗe baki a bayan tsoho.

Na koma ciki na durƙusa gaban Baba. "Baba, ladabi ne ya ja masa."

"Ladabi?" Yana matse hannun riga. "Injin ba ya magana, na ji. Shi fa? Bakinsa ma na lantarki ne? Ko sallama babu, yana bina kamar ɓarawon akuya."

"Amma ai shi ya fito da kai."

"Wa ya saka ni?"

Ya nuna ƙofa da yatsa, ya ci gaba.

"Ki faɗa masa Juma'ar nan babu zama. Sai bayan an yanke shinkafa, in ga ko zai koyi yin sallama."

Ko fure shinkafar ba ta fara ba. Na fito idona cike da hawaye, Mudassiru ya matso yana raɗa, wai me Baba ya ce.

"Ɗaga murya," na ce masa. "Ba na jin ka."