Ranar da Motar Rufus Ta Faɗi

Baba Azariya yana zaune a ƙofar ɗakinsa yana ɓare gyaɗa da lalube lokacin da 'yarsa Hulda ta shigo gida a guje, ko takalmi babu a ƙafarta.

"Baba, motar Rufus ta faɗi! Bayan Kagoro, a hanyar Manchok. An fitar da fasinja duka, shi ne ƙarfe ya riƙe wa ƙafa."

Shekarar Baba saba'in da ɗaya. Ya yi soja har Laberiya aka kai shi. Da ya ajiye kaki sai ya buɗe rumfar walda a Kafanchan, ya yi shekara ashirin yana ƙera ƙofofi da gadaje, har wutar walda ta cinye masa ido. Yanzu inuwa kawai yake gani. Rufus, direban bas, shi kaɗai ne ɗansa namiji da ya rage.

Lai'atu, matar Baba, ta zube a tsakar gida tana kiran sunan Yesu. Baba bai tsaya lallashinta ba. Ya ce wa Hulda, "Shiga ƙarƙashin gado, ɗauko mani zarto biyu. Ki tare mai mashin."

Sun isa wajen ƙarfe biyu na rana. Bas ɗin ta daki wata ɗorawa, gabanta ya lotse ciki. Mutane sun cika wurin. Wani mai walda, Godspower, ya kawo janareto da injin yankan ƙarfe, yana ƙoƙarin tayarwa. Baba ya ja iska da hanci, ya daka tsawa.

"Kashe wannan abu! Ba ka ji warin fetur ba?"

"Baba, minti biyar kawai in yanke shi."

"Tartsatsi ɗaya, kai da shi da ni duk mun ƙone. Kashe, na ce!"

Hulda ta ja shi zuwa ƙofar direba. Ya shafa har ya sami fuskar ɗansa, sanyi ƙalau, jiƙe da gumi.

"Baba, ba na jin ƙafana."

"Ina nan. Kada ka yi barci."

Ya bi ƙafar da hannu har inda sandar sitiyari da wani ƙarfe suka matse ta ƙasan gwiwa. A Laberiya ya taɓa ganin wani soja yana hira da su, aka ɗaga ƙarfen da ya danne shi, jini ya ɓalle, kafin a kai shi mota ya cika. Don haka ya kwance bel ɗinsa ya ɗaure cinyar Rufus tamau. Rufus ya yi ihu. Wata mata ta ce tsohon nan zai kashe yaron.

Baba ya kwanta a cikin fasassun gilasai ya fara yanka ƙarfen da zarto. Wurin ya matse, zarto ba ya tafiya fiye da tsawon yatsa. Bayan rabin awa zarton farko ya karye. Ya karɓi na biyu. Jini na bin gwiwar hannunsa, bai san ko nasa ne ko na ɗan ba. Da yankan ya kai rabi, hannun ya ƙi motsi gaba ɗaya. Ya gwada, ya sake gwadawa.

"Ya Ubangiji," ya ce, "ka ɗauke mani ido ban yi gardama ba. Hannun ma?"

Rufus ya daina amsa kira. Hulda ta cusa kanta ta gefen uban ta kama zarton. Ba ta taɓa riƙe shi ba. Baba ya ɗora tafinsa a kan nata.

"Kada ki danna. Tura a hankali, ja. In ya karye, ba mu da wani."

Haka suka yi har ƙarfen ya saki. Godspower da wasu maza huɗu suka sa jak na ɗaga mota suka buɗe wurin, aka zaro Rufus yana numfashi sama-sama.

Ya rayu, amma likita ya yanke ƙafar daga gwiwa. Ya ce ɗaurin ne ya hana jini ƙarewa, ƙafar kuwa ta daɗe a matse. Baba ya tambaye shi, da an yanka da inji cikin minti biyar fa? Likitan ya ce wannan Allah kaɗai ya sani.

Bayan sati biyar aka dawo da Rufus gida. Ba ya cin abinci sai Lai'atu ta yi kuka. Matar Rufus ta kwashi yaransu biyu ta kai su Fadan Kaje wurin iyayenta, ta ce sai abubuwa sun daidaita. Ran nan Baba ya shiga ɗakin Rufus da igiya a hannu.

"Da ka bar Godspower ya yanka," Rufus ya ce. "Ko ƙafa, ko wuta. Duk sun fi wannan."

Baba ya warware igiyar. Sannan ya ce, "Akwai ragowar bututun ƙarfe a bayan kicin. Zan yi maka sandar dogarawa. Ɗaga hannu in auna."

Rufus ya juya fuskarsa bango. Baba bai fita ba, yana nan riƙe da igiyar, har can Rufus ya ɗaga hannun.